Ranar da Mayyar Fim Ta Yi wa 'Yata Wanka

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik na haifi 'yata ta fari a Guangzhou. Maigidana aikinsa loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena, kullum yana tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ni kuma ina zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Dengfeng da ciki kamar randa. Mun tsara Innata za ta zo ta kula da ni da jaririyar, har ta ƙulle daddawa da kanwa da yaji, sai biza ta yi wuya saboda wasannin. Ni kuwa auta ce, ko 'yar tsana ban taɓa yi wa wankan kirki ba.

Tun ina yarinya a Fagge nake mayyar finafinan Yarbawa. Wata tela Bayarabiya ce maƙwabciyarmu, a ɗakinta muke cunkushewa mu yi ta kallo, rabin maganar ba ma ji, amma ihunmu ya fi na kowa. Akwai wata 'yar wasa da duk muka sani, kullum mayya take fitowa: baƙin zane, farin alli zagaye da ido, ta yi dariya ta rikiɗe tsuntsu ta sure jinjiri daga bayan uwarsa. Don ita na daɗe ba na iya zuwa banɗaki ni kaɗai.

To, ina da tsohon ciki na shiga lif ɗin gidanmu wata safiya, sai ga ta tsaye da ledar burodi a hannu. Ita ce, wallahi, har da idanun. Na ƙwalla ƙara, na rufe cikina da hannu biyu, bakina kuma ya ƙi rufuwa don murna. Ta kalli hannuwana, ta kalle ni, ta ce da Hausarta ta Sabon Ibadan:

"Sannu mai ciki. Kada ki ji tsoro, na riga na karya."

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Da na shiga gida na kira maigidana ina haki, ya zaci naƙuda ce, ya kusa baro kayan mutane a bakin tasha.

Ashe a hawan da ke ƙasanmu ta sauka, ta zo sarin leshi da gashin kanti. Ni da ba na iya sauka sayen tumatir, sai ga ni kullum a ɗakinta, ina kiranta Iya, ina ƙure ta da tambaya. Ta ce tun tana budurwa ta bi ƙungiyar wasan wani kawunta, suna yawo gari gari a bayan akori-kura, su kwana a ajin makaranta, ita ce mai wanke tukwane da ɗaukar ganguna. Ran nan mai fitowa a mayya ta kwanta zazzaɓi, kawun ya duba ya ga wa ta fi kowa manyan idanu. Ta hau dandamali ta yi dariya guda, mata suka kwashi 'ya'yansu suka yi waje. Shi ke nan ta samu sana'a. Da aka koma fim ma ba wanda ya taɓa tunanin ba ta wani matsayi, kuma baƙin zanen nan nata ne, daga gida take zuwa da shi. Na roƙe ta ta yi min dariyar, ta ƙi, na nace, ta yi. Wani ɗan Sin da muke kira Lawban, mai shagon waya na ƙasa, ya hauro da gudu yana tambaya ko gobara ce, muna ce masa meyo, meyo, wato babu da yarensu, hawaye na zubo mana.

Abu ɗaya na lura da shi: duk wannan raha, ba ta taɓa kai hannu jikina ba. Ko ruwa za ta ba ni, a tebur take ajiyewa. Na tambaye ta, ta ɗaga kafaɗa ta ce ta saba. A kasuwar Ibadan mata kan juya goyonsu in sun hango ta. Matar ƙanenta ma haka. Allah bai ba ta haihuwa ba, mutane kuma suka ce ai ga dalili a fili. Ta faɗi haka tana ninke leshi, ta wuce zuwa wani zancen.

Da na haihu, wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke sarin atamfa ce ta riƙa yi wa jaririyar wanka. Iya ta zo barka, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ajiye 'yan riguna a kan kujera, ta mayar da hannuwanta baya tana leƙen fuskar yarinyar daga nesa. Ana gama suna bizar Hajiya ta ƙare. Da ta zo sallama ta ja ni gefe.

"Ke ɗiya, kin ga waccan ta ƙasa? Na gane ta, mun gan ta a tele. Fim ne, na sani, amma mutum ba ya iya abu haka in babu shi a jini. Atansiyon, ki yi hattara."

Na ce haba Hajiya, na yi dariya. Amma maganar ta zauna min, don ni ma da idona na ga matar nan ta tashi sama da ɗan mutane.

Washegari da hantsi na haɗa ruwa a roba, na tuɓe yarinyar, ta fara tsala kuka, sabulu ya sa tana zame min kamar tarwaɗa. Ni ma na fashe da kuka. Na naɗe ta a tawul, na sauka ƙasa ko takalmi babu, na buga ƙofa.

"Iya, zo ki yi mata wanka."

Ta dube ni ta ce, "Maigidanki ya sani?"

"Shi ya iya ne?"

Ta hauro, ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗaura zane a ƙugu, ta zauna ta miƙe ƙafafu a kan robar. Na miƙa mata 'yata. Ta shafe ta da manja, ta cuɗe ta da soso, ta lanƙwasa hannuwan ta baya, ta miƙar da ƙafafun, tana yi mata wata waƙa ƙasa-ƙasa. Sai na ga ta kama ta a ƙafa ta juyar da kanta ƙasa. Kafin in buɗe baki ta cilla ta sama.

Innalillahi! Na ce shi ke nan, ta tabbata, yanzu za a yi tsuntsu. Na kurma ihu na yi tsalle na faɗa cikin robar, ruwa ya malale ɗakin. Ina ɗago kai na ga yarinya a tafin hannunta, ta yi tsit, idanu tar.

"Haka muke yi a wurinmu, don kada ta tashi matsoraciya irin uwarta," in ji Iya. "Fita daga ruwan mutane."

Dariya ta kama mu har cikina ya yi ciwo, ina zaune jiƙe sharkaf a ƙasa. Ta tsane yarinyar, ta gasa cibiya, ta shafa hoda, ta sa mata riga. Tana ɗaure igiyar ƙarshe ta miƙo min ita da sauri, kamar wadda ta ari abu ta wuce lokaci.

Ban karɓa ba. Na ce, "Iya, yunwa nake ji, riƙe ta in dama kunu."

Ta ce, "Ni kaɗai?"

Na shige kicin na jawo ƙofa na rufe. Kunun da minti kaɗan ya ishe shi, na tsaya ina ta juya shi har ya yi sanyi, don ta bayan ƙofar ina jin kukan babba, kuma ban so in katse ta.