Vinka da jirgin da aka ce ya tafi Italiya

Kullum da safe, kafin gidan burodi ya fitar da zubin farko, za ka ji kukan baron Vinka yana gangarowa bakin ruwa. Tayar baron nan ba ta taɓa ganin mai ba. A cikinsa akwai tulun iska, da rigar nutso da ta sha faci, da kyamara naɗe a tsohon bargo kamar jaririya. Takan tsaya ta dubi sama, ta dubi teku, sannan ta dubi barba Dinko, wato kawu Dinko a bakin mutanenmu, tsohon da ke tuƙa mata jirgi.

"Barba, yau iska za ta bar mu?"

"Iska za ta bar mu, gwiwata ce ba za ta bar mu ba. Shigo, uwar taurin kai."

Haka muka saba ganinta shekara talatin da wani abu. Da yamma tana ɗakinta na saman tsohon kamfanin kifin sadin, ta ƙura wa kwamfuta ido, tana yankewa tana haɗawa. Finafinanta ba wasan kwaikwayo ba ne. Abin da ke ƙarƙashin ruwanmu take ɗauka, da kunkurun da ya maƙale a taru, da ciyawar tekun da angar jiragen 'yan yawon buɗe ido ke tugewa, ta sa a intanet duniya ta gani. A watan nan likita ya hana ta nutso har abada. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don tsibirinmu ya ƙware wajen yabon mutum bayan an rufe shi da ƙasa.

Masunta ba sa yarda da mai kyamara, amma sun yarda da ita. Kowane gida yana da wurin kamun kifinsa da ya gada, ana gane shi ne in hasumiyar coci ta daidaita da wani tsauni. Wanda ya ga gaɓar teku a hoto ya ga sirrin gidan. Vinka ba ta taɓa barin gaɓa ta fito a fim ɗinta ba, ko da can ne hoton ya fi kyau.

Amma abin da ta yi wa teta Lukrica, wato gwaggo Lukrica, shi ne dalilin rubutun nan.

A zamanin da ake tsare iyaka, samari kan sulale da jirgi su tsallaka Italiya. A lokacin ne Bartul, mijin Lukrica, ya fita kamun kifi wata safiya, teku kwance lafiya lau, bai dawo ba. Ko katako ɗaya ba a tsinta ba. Kafin mako ya zagayo gari ya yanke hukunci: gudu ya yi, ya bar amarya da sabon aure. Hujjarsu ita ce ya tafi da tukunyar tagullar da Lukrica ta gada wurin uwarta. Wa zai ɗauki tukunyar gida in ba mai doguwar tafiya ba? Daga baya har aka samu wanda ya ce ɗan'uwan wani ya gan shi a can da wata ƙatuwar mata.

Fadan da ke riƙe da coci a wancan lokaci ya ƙi kaɗa masa ƙararrawar mamaci, tunda ana cewa yana raye. Lukrica ta zama ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ba ta da ikon sa baƙaƙen kaya. Ranar tunawa da matattu, in matan da teku ya cinye wa maza suka jeru suna jefa furanni a ruwa, ita tana baya. Fiye da shekara hamsin maganarta ɗaya ce: "Tukunyarsa ce ta huje, na ara masa tawa. Bartul bai gudu ba." Mutane su gyaɗa kai, in ta wuce su taɓe baki.

Shekarar da ta gabaci bara, Vinka tana aikin wani fim kan tarunan da aka yasar a ƙasan teku, ta nutsa a gabashin tsibiri, ɓangaren da mai zuwa Italiya ba shi da abin yi. Can ƙasa sosai ta ci karo da injin jirgi. Katakon duk ya ruɓe, amma ga anga, ga wata tukunya ta yi kore shar. Da ta fito ta nuna wa Dinko a ɗan allon kyamarar. Shi ya ba ni labarin, ya ce bai san lokacin da ya cire hularsa ba.

"'Yata, kashe abin nan. Kada ki nuna wa kowa sai Lukrica."

Vinka ta sami Lukrica a kicin tana ɓare wake, ta miƙa mata hoton a kwamfuta. Tsohuwar ta goge hannu, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Gefen tukunyar a lotse yake?"

"A lotse yake, teta."

"Ni na kayar da ita a kan matakala."

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar wa Vinka kwamfutarta ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san bakin garin nan ba. Cewa za su yi a hanyar gudu ya nutse. Ko su ce na'urarki ce ta haɗa, ai yanzu an ce har matacce kuna sa shi magana."

Nan ne aikin Vinka ya nuna kansa. Tuni likita ya gargaɗe ta cewa kunnenta na hagu ba zai ƙara jure irin wannan zurfi ba. Ta koma. Ta kunna kyamara tun tana saman ruwa, ta karya dokarta da kanta, ta nuna hasumiyar coci da tsaunin, don kowane masunci ya gane wurin: gurbin kamun kifin gidan su Bartul ne. Sannan ta gangara ba ta kashe ba, ba ta yanke ba, har ƙasa. Daga jikin injin ta bi dalmar da ake ɗaura wa taru don ya nutse, ɗaya bayan ɗaya, a jere, sun miƙe a kan yashi yadda Bartul ya zuba su. Zaren ya daɗe da narkewa, dalmar ta tsaya a inda take. Mai gudu ba ya tsayawa zuba taru. Aiki yake yi lokacin da ajali ya same shi, yana iya hango rufin gidansa.

Dinko ya ce da ta fito jini na bin wuyanta. Abin da ta fara tambaya shi ne ko ruwa bai shiga kyamarar ba. Tun daga ranar ba ta ƙara ji da kunnen nan ba.

Wani gidan talabijin na ƙasar waje, wanda ya ɗauki nauyin fim ɗin tarunan, ya samu labari. Suka ce wannan za a sa a tsakiyar fim ɗin, da shi sunanta zai zagaye duniya. Vinka ta ce sai mai abu, wato Lukrica, ta yarda. Mai abu kuwa ta yi shiru, damina da sanyi suka wuce ba ta ce komai ba. Vinka ba ta je ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ko sau ɗaya ba. Mutanen suka gaji, suka janye, suka ba wani aikin.

"Ke, kin san abin da kika saki kuwa?" in ji Dinko.

"Na sani, barba. Ai ba mijina ba ne."

Da bazara ta shigo, Lukrica ta aika a kira ta. Ta ce ba ta son duniya, garinta take so ya gani. Ranar wata Lahadi bayan coci aka toshe tagogin zauren kamfanin sadin da barguna. Ina wurin. Zauren ya cika har ƙofa, sai ga Lukrica ta shigo da sanda, cikin baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har safa. Fim ɗin ba kiɗa, ba mai bayani, sai numfashin Vinka a cikin ruwa. Da dalmar ta fara bayyana na ji tsofaffin masunta suna sauke ajiyar zuciya, don su ba sai an yi musu fassara ba.

Aka kunna fitila. Lukrica ta dafa sanda ta miƙe, ta juyo ta fuskance mu.

"To, ga Italiya. Kun gan ta?"

Babu wanda ya iya ɗaga kai. Da yammacin ranar aka kaɗa wa Bartul ƙararrawa, kuma ban taɓa jin ta yi nauyi haka ba.

Vinka, ke ce kika san cewa ba duk abin da kyamara ta kama ne na mai kyamara ba. Ke ce kika ba da kunnenki da sunan da za ki yi, don wata tsohuwa ta samu ikon yin takaba. Mai haƙurin jira, mun gode. Mun gode a madadin wanda ke kwance a gabashin tsibiri, wanda ba shi da bakin kare kansa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki ɗayan kunnen ki ji wannan godiya.

Ku kuma 'yan baya, da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, ku yi koyi da ita. Kafin ku watsa abu, ku tambaya na wane ne, ku je ku same shi, in ya yi shiru ku jira. Fim ɗin Bartul har yau ba ya intanet, kuma ba abin da ya rage shi. In kuna son ganin abin da ya yi, ku bi ta ƙofar Lukrica da hantsi, tana zaune a rana. Ku gaishe ta da "teta Lukrica" yadda aka saba. Za ta ɗago ta gyara muku: "Matar marigayi Bartul."