Zobban da ke Cikin Kamiyon Soja

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Kara-Kara a Zinder, ni da abokina mai babur, muka nufi wani ƙauye a gefen Damagaram Takaya. Masu bibiyata sun san aikina: ina ƙera ƙananan motocin soja na zamanin yaƙin duniya da gwangwani da waya, ana nuna wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a wajen baje koli. Kamiyon da nake ƙerawa ne ya tsaya mini. Hotunan da na samu duk baƙi da fari ne, ban san ko fentinsa kore ba ne ko launin rairayi. Sai aka ce mini akwai gawar irinsa a daji.

Kwalta ta raka mu ɗan nesa ta koma abinta. Daga nan rairayi ne da gonakin gero da aka girbe. Man fetur na kwalba ya yi tsada har abokina ya ce wataƙila da turare ake haɗa shi. A wata kasuwa muka sha fura mai tsami, muka ci alkakin da na taho da shi.

Da hantsi muka isa. Mai gari ya haɗa mu da wata tsohuwa, don a gonarta motar take. Ba ta tambaye mu dalili ba, ta ɗauki sandarta ta yi gaba.

Kamiyon yana ƙarƙashin wani gawo, ya nutse cikin ƙasa har rabin ƙafafunsa. Rana ta take, amma awakin da ke wurin suna tsaye cikin zafinta, ba wadda ta shiga inuwar motar. Ko kukan tsuntsu babu. Na kankare bayan ƙofa da wuƙa, na ga launin rairayi a sama, kore mai duhu a ƙarƙashi. Na auna mazaunin jarkar mai da maƙalin shebur, raina ya yi fari.

Sai na hau baya. A jikin bangon, daga ciki, an jera zobban ƙarfe hagu da dama, daidai gwiwar mutum. Ban taɓa ganinsu a hoto ba. Tsatsa ta cinye ko'ina, su kuwa suna ƙyalli kamar ana goge su kullum.

"Iya, waɗannan na ɗaure tanti ne?"

"Na ɗaure mutane ne, ɗana," in ji ta. "Babana yana ciki, ina goye a lokacin. Nan motar ta mutu, aka kwance su aka yi gabas da su a ƙafa. Ba wanda ya dawo."

Na ce to me ya hana zobban yin tsatsa. Ta nuna na ƙarshe a hagu.

"Wannan innata ta ce nasa ne. Nakan zo in riƙe shi in yi masa addu'a. Sauran ban taɓa sa musu hannu ba."

"Wasu ke zuwa kenan?"

"Dangin sauran duk sun ƙare," ta ce, tana kallon ƙasa. "Ni ma ban tambaya ba."

Abokina ya ce rana tana yi, mu kama hanya. Ban yi musu ba. Muka hau babur muka juyo gida.

Da la'asar muka shigo Zinder. Na yi wa ƙaramin kamiyona kore, na bi shi da launin rairayi, na kuma lanƙwasa waya na jera masa zobban, ko da yake mai shirya baje kolin ya ce za su tsorata yara. Na fita neman launin fenti, na dawo da sanin cewa kowane ƙarfe a jikin motar nan akwai abin da aka yi da shi. Matata ta ɗaga shi ta leƙa bayansa, ban gaya mata komai ba tukuna, ta ajiye a hankali ta ce kada ya kwana a ɗakinmu.