Kaye Biyun da Na Riƙe

Shekara tara ke nan cif da muka kai ƙanena Laminu makwancinsa a Tasawa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin a lakwal, wato makarantar boko, ta ƴan mishan inda aka horar da ni, an koya mana cewa mutum ba ya ɗora alƙalami a kan takarda sai ya tabbata da abin da zai faɗa. Bana na tabbata, kuma abin da na tabbata da shi ba mai daɗin ji ba ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Laminu ya fara aiki ne a matsayin majo, wato shugaban masu jinya, a wani ƙaramin asibitin karkara a yankin Mayahi. Daga baya ya koma karatu, ya dawo likita mai bincike a kan tarin fuka. Ni malamin makaranta ne, na ba shi shekara goma sha ɗaya. Har ya bar duniya bai daina kirana Yaya Mushe ba, don Mushe ake kiran malamin boko a wajenmu, ni kuma ban daina gyara masa rubutu ba.

Abokan aikinsa sukan tambaye shi inda yake samo dabarunsa, tunda ba a cika ganinsa a biro, wato ofis, ba. Amsarsa ɗaya ce: littafi yana gaya maka abin da aka riga aka sani, sabon abu kuwa yana bakin mutumin da ba a taɓa tambaya ba. Ranar kasuwa za ka same shi zaune a rumfar wanzamai, ko tsugune gaban ungozoma, ko a bayan amalanken jaki yana jan mai ita da hira. Duk abin da ya ji yana shiga kaye, irin littafin rubutun nan na ƴan lakwal. A saman kowane shafi yakan rubuta sunan wanda ya faɗi maganar da garinsu. Wannan kaɗai ne abin da zan ce ni na koya masa, domin a wurin malamanmu, kwafar magana ba tare da sunan mai ita ba sata ce, kuma hukuncinta bulala.

Abin da ya fi damunsa shi ne masu yanke magani. Maganin tarin fuka wata shida ake sha. Amma da tari ya lafa, damina ta sauka, sai manomi ya ajiye ƙwayoyi ya ɗauki hauya. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, wani lokaci har ya daina jin magani. Laminu ya yi faɗa, ya yi lallashi, duk a banza.

Wata rana ya tafi Kona gaisuwar wani majinyacinsa da ya rasu. Ya tarar da matar marigayin, Inna Tumba, tana takaba, ga ƙoƙo biyu a gefen tabarmarta, ɗaya cike da ƴaƴan tsamiya, ɗayan da ƴan kaɗan. Suna cikin gaisawa sai wata dattijuwa ta shigo, ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta jefa a ɗaya ƙoƙon, ta zauna. Laminu ya tambaya. Inna Tumba ta ce, “Kwanakin takaba ne, likita. Ni ba ni taɓa su. Wanda ke cikin wahala ba shi ƙirga daidai. Ran da ya gaji sai ya ce ya gama.”

Daga wannan magana ya gina aikin shekarunsa na ƙarshe: kowane majinyaci a ba shi ƙoƙo biyu, da ƴaƴan tsamiya daidai da kwanakin maganinsa, da mutum guda da zai jefa ƙwallo bayan ya ga an haɗiye ƙwaya. A wasu gidaje abin ya yi, a wasu ya ƙi, bai kuma san dalili ba. Labarin wannan gwaji ya cika kaye bakwai. Sai ya koma wurin Inna Tumba, ta ba shi dalilin. Ya rubuta shi a kaye biyu na ƙarshe, a lokacin da ciwon ajalinsa ya riga ya kama masa hannu.

Laminu yana da ɗalibi, wani matashin likita da ya ci tuwo a akushinmu, wanda yake kira ɗana. Ba zan rubuta sunansa ba. Bayan sadakar arba'in ya zo ya durƙusa a zaurena, ya ce, “Baba Mushe, a ba ni aikin in fitar da shi da sunan mai shi. Amana ce a wuyana.” Na ba shi kaye bakwai. Biyun ƙarshe na riƙe, ba don ina zarginsa ba, sai don rubutun ya karkace, kalmomi sun hau kan juna, ga kurakurai. Na ce ba za a ga hannun ƙanena a wannan hali ba sai na sake kwafe shi tsaf.

Ina dab da gama kwafar na ji muryar ɗalibin a rediyo. An tambaye shi yadda sabuwar dabararsa ta zo masa. Ya ce a cikin jirgin ƙasa ne a Turai, da ya ga ana huda tikitin fasinjoji. Na nemo rubutun da ya fitar, na karanta shi sau biyu da jan alƙalami a hannu. Babu Laminu, babu Tumba, babu Kona. A can ƙasa ya gode wa mutanen karkara baki ɗaya, irin godiyar da ake yi wa ruwan sama. Na rufe kaye biyun a akwati, na rantse ba zai gan su ba.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Da yake ƙoƙo da ƴaƴan tsamiya ba su dace da labarin jirgin ƙasa ba, sai ya mayar da su kati mai gidaje, ya kuma cire mai jefa ƙwallon, ya bar majinyaci ya riƙa yi wa kansa alama. Wato ya ɗauki kube ya yar da wuƙar. A bara na je Maijirgi ɗaurin aure, na zauna a inuwar wata bishiya kusa da asibiti. Wani mai amalanke ya matso ya ce, “Mushe, ara mani bik.” Na miƙa masa alƙalamina. A gabana ya ciro katin maganinsa, ya cike gidajen wata guda cur, yana tari a cikin rawaninsa. Na ce, bawan Allah, ka sha maganin kuwa? Ya ce, “Na sha na hwarko. Sauran kuwa, ai ba ni tahiya in ba likita kunya da kati wayam.” Ya mayar mini da alƙalamina, ya yi godiya.

A watan jiya ɗalibin ya sake zuwa zaurena. Ya yi ƙiba, furfura ta fara masa. Ya ce katin ba ya aiki yadda ake so, kuma ya tuna marigayi ya taɓa cewa akwai sauran bayani. Na ce ya koma rediyon da ya yi ƙarya ya kira sunan mutum biyu, sa'an nan ya dawo. Ya yi murmushi ya ce, “Haba Baba, suna ai ba ya warkar da kowa.” Na ce masa ya gaida gida.

Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da Laminu zai ce da yana raye. Sunansa, na san ba zai dame shi ba. Mutum ne da yakan manta hularsa a rumfar kasuwa. Na Inna Tumba zai ƙona masa rai, domin shi a ganinsa likitan da ya raina bakin da ya koya masa ya toshe rijiyar da yake sha, kuma shaidar haka ita ce ɗalibin nan bai sake fito da wani sabon abu ba tun daga lokacin. Sai dai laifi tudu ne. Na san da ya gama da ɗalibin, ni zai juyo wa. Zai ce, Yaya Mushe, shekara ɗaya ka riƙe maganin mutane saboda waƙafi da aya, shekara takwas kuma saboda fushi. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne, na irin su mai amalanken Maijirgi ne.

Ban yafe wa ɗalibin ba, ba zan kuma ɓoye hakan ba. Amma ba zan ci gaba da hukunta marasa lafiya a madadinsa ba. Don haka ga abin da ke cikin kaye biyun, ga duk majo da likitan da ke karanta wannan shafi, daga Korgom har Mayahi.

Kuskuren Laminu shi ne ya bar jefa ƙwallo a hannun matan majinyata da ƴaƴansu. Inna Tumba ta ce masa, “Namiji ba shi jin nauyin matarsa, likita. Shi daka mata tsawa, ta jefa ƙwallon a zauna lahiya. Ni ƙanwar uwata ce ke jefa mani. Nemo wanda in ya shigo, mai ciwon zai gyara zama.” Laminu ya bi wannan shawara: kawu, ko limamin unguwa, ko aminin mahaifin majinyaci, ga mace kuwa, gwaggonta ko ungozomar da ta yanke mata cibi. Ban da suruki, domin ba a haɗiyar komai a gabansa. A gidajen da ya samu ya gwada kafin ya kwanta, ya rubuta cewa ƙoƙon ya cika. Ƙarfinsa bai kai ya gwada a wurare da yawa ba. Wannan aiki yana jiran wani.

Abin da ya rage na ƙanena ke nan. Bai bar gini da sunansa ba, bai bar littafi ba. Ya bar hali guda: ya tsuguna gaban wanda bai yi lakwal ba, ya yi tambaya, ya jira amsa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan Inna Tumba, wadda ta bi shi bayan shekara biyu ba tare da ta san an sace mata komai ba. Mai son ɗauka ya ɗauka, ba sai ya zo zaurena ba. Amma in an tambaye shi wa ya faɗa, kada ya ce jirgin ƙasa. Ya ce Tumba ce, matar manomi, a Kona.