Labbo da Rijiyar Tungar Sodangi

Kawuna Labbo mai yasar rijiya ne. Gajere, ga faɗin kafaɗa, ga rowar magana, in ka gaishe shi sau uku ya amsa ɗaya ka gode Allah. Amma tun daga Gangara har Isa babu wanda ya kai shi sanin cikin ƙasa. Shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi ƙasa, ya kwashe taɓo, ya fito wuluk kamar an tsoma shi a tukunyar baba.

Rijiyarmu ta Tungar Sodangi gaba goma sha biyar ce. In an wuce jar ƙasa sai a tarar da wani dutse mai laushi, wanda in ka murza shi yake komawa yashi. Daga jikin dutsen nan ruwa ke tsattsafowa. Ita kaɗai muke da ita, gida ashirin da ɗaya da dabbobinmu.

Sai ga farin shekarar tamanin da huɗu. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Kawu ya bi garuruwa yana yasar rijiyoyin mutane, har ya tsallaka wajen Maraɗi, wata huɗu ba mu gan shi ba. Ruwanmu kuwa ya ja baya, abin da guga ke kawowa rabinsa laka.

Matarsa Inno mace ce mai tattali, irin wadda ko ƙwayar dawa ta faɗi sai ta duƙa. Ita ta fara dabarar. In ta ɗebo ruwa sai ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye na sama, gurɓataccen na ƙasa kuma ta ɗauka ta kai ta juye cikin rijiya. Ta ce zubar da ruwa a ƙasa a irin wannan shekara alhaki ne, gara ya koma inda ya fito. Wallahi magana ta yi mana daɗi. Duk matan tunga munka ɗauka, ni da ke ba ku labari har ruwan wankin ƙwarya na mayar. Mai gari Na'Allah da kansa ya sa wa Inno albarka a gaban jama'a.

Kafin Kawu ya dawo, guga uku ake ja sai a zauna jiran rijiya har rana ta take. Gida shida sun riga sun ɗaure kaya sun nufi Sabon Birni. Mai gari ya tara maza ya ce ruwa ya gudu, bayan Juma'a kowa ya san inda dare ya yi masa. Ranar ce Kawu ya iso, ko zama bai yi ba ya ce a kawo igiya.

Ya daɗe a ƙasa. Da anka jawo shi, sai ga shi da ɓallin dutse a hannu. Bayan dutsen sumul, fari-fari kamar an yi masa yaɓe, amma da ya fasa shi sai ga cikinsa jiƙe sharkaf. Ya ce ruwa bai je ko'ina ba, yana nan bayan dutse. Dutsen nan ƙofofi gare shi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke bi. Laka mai laushin gari ce ta shige su ta toshe, kamar yadda tsohuwar randa ke daina tsattsafo. Abin da ya ɗaure masa kai, in ji shi, laka in ta kwanta a gindin rijiya ba ta hawa bango, sai in ana tayar da ita kullum. Ya tambaya ko wani abu ake zubawa daga sama.

 Cikinmu mata babu wadda ta kalli Inno, kuma rashin kallon nan ne ya tona ta. Na ga idonsa ya sauka kanta, tana tsaye riƙe da tulu. Tausayinta ya kama ni, don na san bakin mutanen tungarmu, da ya ambaci sunanta da har ta mutu ana nuna ta da baki.

Ya juya wajen mai gari ya ce, "Ranka shi daɗe, laifina ne. Na bar tawa ina gyaran ta wasu. A ba ni kwana bakwai, za ni shiga."

Mu kuma ya ce mana daga yau gurɓataccen ruwa a ba gindin itacen bedi, kada ɗigo ya koma ciki. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Aikin shi ne ya kankare fuskar dutsen zagaye, kamar kaurin tafin hannu, har ya kai inda ƙofofin ke buɗe. Halliru maƙeri, wanda ya yi masa ƙaramar diga, ya gargaɗe shi cewa in ya faɗaɗa gindi na sama zai rasa madogara. Kawu ya ce ya sani. Maza na riƙon igiyarsa, Inno kuwa ta kama igiyar gugan da ke fitar da ɓaraguzai, ta hana kowa ya karɓe ta. Tafukanta sunka sale, ta naɗe su da tsumma ta ci gaba.

Rana ta biyar da hantsi ya sa anka jawo guga, sai ga ruwa garau. Zo ka ga guɗa! Ni har kuka na yi. Mai gari ya ce ya fito haka nan, abin ya isa. Kawu ya ce saura gefen gabas, in ya bar shi ruwan ba zai ɗauki dabbobi ba. Mutumin nan taurin kai gare shi, ban taɓa ganin irinsa ba.

Rana ta shida gefen gabas ɗin ya ɓallo masa a ƙugu. Anka jawo shi da rai, amma ƙafar hagu ta tafi ke nan. Maɗori ya yi iya yinsa, ta warke a karkace. Bai sake shiga rijiya ba, ya koma tufkar igiya a ƙofar gida shekara goma sha tara. Gida goma sha biyar munka zauna, kuma rijiyar ta riƙe mu har damina ta sauka.

Bayan rasuwarsa, ranar sadakar bakwai, ina taya Inno wanke ƙore sai ta riƙe hannuna.

"Fatsuma, tsakaninki da Allah, ya taɓa ce miki ni na kashe mishi ƙafa?"

Na rantse mata bai taɓa ba, ko da wasa.

Ta saki hannuna, ta ci gaba da wanke ƙwaryar da ke cinyarta.

"Ni ma bai taɓa ce mini ba," in ji ta. "Shekara goma sha tara ina jira. Da ya faɗa sau ɗaya, da na samu na roƙi gafara."