Mutum-mutumin Seño Ofelia Mai Hannu Ɗaya

Na daɗe ina dafa wa yara abinci a gidan renon da ke bayan tashar jiragen kamun kifi a garin Rawson, kuma duk zamanmu da Ofelia Quilodrán, Allah ya jiƙanta, sau ɗaya tak na ga ta karya dokar da ta kafa da bakinta. Yara da iyayensu Seño suke ce mata, kamar kowace malama. Ni kuwa sunanta nake kira, don na san ta tun tana yankan kifi a kamfani, kafin ruwan sanyi ya lanƙwasa mata yatsu.

Gajeruwa ce mai taurin kai, dariyarta sai an tona. Ajin 'yan shekara biyu zuwa uku ne nata. Da watan Yuni ya kama, lokacin tsananin sanyi a wurinmu, iska ta fara jijjiga kwanon rufi, ba mai leƙa tsakar gida, sai a rasa yadda za a yi da ƙananan hannuwan nan. Sababbin malamai sukan zo da auduga, wai za a liƙa mutumin ƙanƙara irin na littafi. Ofelia takan dube su sama da ƙasa, ta tambaya ko sun taɓa cin karo da irinsa a titinmu. Ita aikinta na sanyi guda ne: mutum-mutumin tsumma da ake ƙonawa ranar bikin San Juan, wajen ƙarshen watan.

Kowane gida zai aiko da tsohon tufafi ɗaya da yake son rabuwa da shi. Yara su yayyaga jarida, su dunƙule, su yi ta cusawa cikin riga da wando har ya yi tumbi. Ni ke dama musu fulawa da ruwa don liƙa fuska, rabi ya tafi kan takarda, rabi cikin baki. Dokar ita ce, abin da ya hau jikin mutum-mutumi ya tafi ke nan, shi da wahalar shekara. Wani uba ya taɓa zuwa neman wandonsa na zuwa coci da matarsa ta aiko bisa kuskure. Ya koma gida yana ƙunƙuni, wando kuwa ya ci wuta.

A shekarar da nake magana, jirgin da Darío Antileo yake aiki a ciki ya fita a watan Maris bai dawo ba. An nema har aka gaji. Ya bar mata, Yanina, da yaro ɗan shekara uku, Lisandro, wanda ke ajin Ofelia. A gida an ce masa Baba yana cikin ruwa. Tun daga nan duk sanda na ajiye masa miya sai ya tambaye ni ko ruwan teku da sanyi.

Ranar kawo tufafi Yanina ta miƙo leda a bakin ƙofa ta juya. Rigar ulu ce shuɗiya mai kauri, an yi mata faci a gwiwar hannu. Wata malama ce ta zura wa mutum-mutumin ita ba tare da ta san ta wa ce ba. Lisandro ya sani. Ya je ya tura hancinsa a ƙirjinta, ya hau cinyar tsumman ya zauna. Daga ranar ba ya barcin rana sai a wurin, yana kiransa Baba, yana tura masa guntun burodi a bakin da aka zana da fenti. In wani yaro ya matso, cizo ne.

Abin ya tsaya min a rai. Da Ofelia ta shigo kicin shan shayinmu na mate, na ce mata in ta ƙona mutum-mutumin a gaban yaron nan, ita da Allah.

"Ke dai Nélida, bakinki ya fi tukunyarki tafasa," in ji ta. "Ni na ce miki ba na gani ne?"

Da yamma ta tare Yanina a ƙofa, ta ce ta karɓi rigar ta mayar gida, za a samo wata. Na yi mamaki, don ban taɓa jin ta ce a mayar da ko tsinke ba. Yanina ta girgiza kai.

"Seño, ba a ba ni gawa ba. Ba kabari, ba komai. Kullum in buɗe ido in ga rigar a bayan ƙofa, in ce yanzu zai shigo ya ɗauka. Ni hannuna ba zai iya ba. Don Allah ki ƙona min ita."

"Yaron fa, 'yata?"

Yanina ta sunkuyar da kai, ta ja hannun ɗanta suka tafi.

Ofelia ta kwana biyu ba ta shiga harkar kowa. A jajibirin San Juan, bayan an tashi, ta ɗauko almakashi ta yanke hannun rigar na hagu tun daga kafaɗa, ta zazzage jaridar ciki, ta haɗa bakin biyu za ta ɗinke. Yatsunta suka kasa zura zare. Na ce, "Dokar fa, Seño?" Ta ce in zura mata in yi shiru. Washegari ta rataya wa Lisandro hannun rigar a wuya. Ta durƙusa ta gaya masa gaskiya: wannan ba Baba ba ne, rigar Baba ce, anjima za ta shiga wuta, amma wannan ɓangaren nasa ne, ba mai karɓa. Ya dube ta kawai, yana shafa facin da ɗan yatsa.

Da faɗuwar rana unguwa ta taru a filin bayan gidan renon. An tara tsofaffin akwatunan kifi, an zaunar da mutum-mutumin a sama, hannu ɗaya yana lilo a iska. Na raba soyayyen burodi, ina jiran ihun yaron. Ofelia ta ɗauke shi a kafaɗa, ita da bayanta ke ciwo. Yanina na gefenta, ido a bushe kamar yadda yake tun watan Maris.

Wuta ta kama katako, ta hau wando, ta kai ga shuɗin ulun. Sauran yara suna tafi. Lisandro bai yi kuka ba. Ya miƙa tafin hannunsa wajen wutar, ya ji zafin, ya daɗe a haka. Sannan ya juya ga uwarsa.

"Mama, yanzu Baba ya ji ɗumi."

A nan Yanina ta durƙushe a ƙasa, kukan da ta riƙe wata uku ya ƙwace mata. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba. Ofelia ta gyara wa yaron hannun rigar a wuya don iska ta ƙaru, ta tsaya riƙe da shi har wutar ta cinye.