Yarinya Mai Farar Riga

A shekarar da zan gama sakandare, maƙwabcinmu soja ya dawo Zuru daga aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, ya zo da na'urar gem da ake jonawa a talabijin. Faifai ɗaya ne a cikinta, kuma rubutun da ke fitowa na wani yare ne mai kama da tsinken tsintsiya da aka watsar a ƙasa. Ba wanda ya iya karanta ko harafi.

Babban ɗansa ne ke bugawa. Ni ƙawar ƙanwarsa ce, nakan shiga gidan da sunan kitso, in zauna a tabarma ido ɗaya a talabijin, ɗayan a ƙeyarsa. Lokacin na sha littattafan soyayya na kasuwa har sun hau mini kai, duk namijin da ya yi shiru sai in ce ciwon so ne.

Abin da muke gani dai, wani saurayi ne mai dogon takobi yana ratsa rusassun garuruwa, wata yarinya mai farar riga tana biye da shi. Sauran labarin mu muka cike shi. Da wata dabba mai ƙahoni ta taso daga teku, sai yayan ƙawata ya ce, "Ai wannan ce fasto ya karanta mana, ta ƙarshen duniya." Da suka isa wani ƙaton bango na ƙarfe, na ce malaminmu na islamiyya ya taɓa ba mu labarin mutanen da aka toshe a bayan irinsa. Shi bai riƙe ayar da kyau ba, ni ma rabin karatun na ji, amma ba abin da zai gifta ba mu samo masa gurbi ba.

Mamansa tana tsintar wake a bakin ƙofa takan ce, "Fasto da malama, in kun gama tashin duniyar, a ɗebo mini ruwa."

Wata Asabar ya ce bayan girbi zai tafi neman shiga soja, kamar babansa da kakansa. Na ce ai saurayin gem ɗin ma a ƙarshe zai ajiye takobi ya zauna da yarinyar, don akwai inda aka ce wata rana za a daina yaƙi.

"A wane littafin?"

"Naku ko namu, cikin biyun dai."

Ya yi dariya. "Shi ke nan, malama. In ya ajiye, na zauna in yi noma. In ya wuce, na wuce."

Shi wasa yake yi, ni kuwa na riƙe maganar. Na tambayi ƙanwarsa me fararen kaya ke nufi a cocinsu, ta ce tsarki, na ce to amarya ke nan. Da faifan ya fara tsayawa, ni na riƙa goge shi da man goge baki da gefen mayafina.

Ƙarshen ya zo wata la'asar, hadari ya haɗu, ina ta addu'a kada a ɗauke wuta. Saurayin ya tsaya a bakin wata gada. Yarinyar ta matso ta riƙe hannunsa, sai ta zama haske ta yi sama. Shi bai ajiye takobin ba, bai kuma haye gadar ba. Rubutun nan ya yi ta hawa.

"To malama, fassara mana."

A ranar ban samo aya ko ɗaya ba, a namu ko a nasu.

Bayan girbi ya tafi, amma aka dawo da shi, wai tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake. Ya kama gonar kakansa. Har na fara cewa fassarata ce ta ci, sai ga ni na samu makarantar koyon jinya a Birnin Kebbi. Daga can aiki ya kai ni wani gari, sannan aure, Zuru ta zama wurin zuwa salla.

Ranar tafiyata Birnin Kebbi shi ya kai ni tasha a babur. Inna ta ɗinka mini farar rigar makaranta, ta sa a leda don kada ta yamutse, ina rungume da ita. Ya miƙa jakata saman bas, ya dubi farar rigar da ke cikin ledar, ya daɗe.

"Ashe ba takobin ya kamata mu sa wa ido ba," in ji shi.

Direba ya danna hon. Ta taga na ga yana nan tsaye a wurin har muka sha kwana.