Kofuna Uku a Gaban Kaltu

Kwana tara ke nan ana tsuga ruwa a birnin Kolkata na Indiya. Tsoho Tapan ya fake a shagon mai shayi, ya ƙura wa wata mata ido. Bai san ta ba. Siririya ce mai furfura, bakin zanenta na sari ya jiƙe sharkaf. Ta kife kofunan yumɓu uku a ƙasa, irin waɗanda ake shan shayi a jefar, ta ɓoye guntun biskit a ƙarƙashin ɗaya, tana jujjuya su a gaban baƙin karenta mai gutsurarren kunne.

"Nemo, Kaltu, malalacin banza! Zaman ɗaki ya daskarar maka da kai."

Tapan ya girgiza kai. Kare ake wa wannan hidima! Ƙila a gida ma haka take yini da shi. Shi kuwa, ɗansa sai dai ya kunna masa talabijin ya ja ƙofa.

"Na tsakiya ne!" ya faɗa da ƙarfi.

Ta harare shi. "Haba Kawu, wa ya tambaye ka?"

Ya mai da ido kan kofunan. An daɗe rabon da wani ya tambaye shi komai.